Daga Gasar Zariya Zuwa Ƙwace Tuta: Tarihin Farautar Masu Gadin Intanet da Darasinsa Ga Dutse

Ranar 27 ga Agusta, 1991, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta ayyana Dutse a matsayin babban birni. Ma'aikatan da rabo ya kai sabuwar jiha sun taso da fayil-fayil na takarda, da yawansu kuma sun daɗe suna sammako daga Kano su koma da yamma, saboda garin bai da gidajen da za su ɗauke su. A wancan zamani tsaron sirrin gwamnati bai wuce abu uku ba: kabad na ƙarfe, kwaɗo mai ƙwari, da maigadin da ba ya gyangyaɗi. Duk mai son satar takardar albashi dole ya tako Dutse da ƙafarsa.

Yau lissafin albashi da na fansho, da sunayen ɗalibai, da bayanan marasa lafiya, da rajistar filaye, wasu sun koma cikin kwamfuta, wasu suna kan hanya. Ɓarawon irin wannan dukiya ba ya bukatar sanin hanyar Shuwarin ko ta Kiyawa. Yana iya zama a Legas, ko a wata nahiya, ya shiga ya fita ba wanda ya ji motsinsa. Ke nan gwamnati tana bukatar sabon maigadi, kuma gane shi yana da wuya. Takardar shaida tana nuna cewa mutum ya zauna a aji ya ci jarrabawa. Ba ta nuna ko zai lura, da ƙarfe biyun dare, cewa baƙo ya shigo rumbun bayanai da makullin wani ma'aikaci.

Shekaru kusan casa'in ke nan gwamnatoci suna amfani da dabara guda idan suna neman gwanintar da takarda ba ta bayyanawa: su buɗe fili, su sa gasa, su koma gefe suna kallo. Tarihin wannan dabara ya ratsa Zariya da Landan da Las Vegas da Abuja. Abin da yake koyarwa a kowane zango shi ne, gasa tana fito da gwani fili, amma abin da aka tanada a bayan gasar shi ke sa gwamnati ta amfana da shi ko ta yi asararsa.

Zariya, 1933

Ƙasar Hausa ta san wannan dabara tun kafin a ƙera kwamfuta. A farkon shekarun 1930 gwamnatin mulkin mallaka tana da makarantun boko a Arewa, amma ba ta da littattafan hira na Hausa da yara za su karanta. Babu kwalejin da ke yaye marubuta ƙagaggun labarai, babu takardar da za a duba a ce wane ya iya. Rupert East, wanda ke shugabantar Hukumar Fassara a Zariya, ya zagaya manyan garuruwa a 1933 yana roƙon malamai su ƙago labari su aiko, za a zaɓi waɗanda suka fi a buga.

Daga wannan yunƙuri aka sami littattafai biyar da har gobe ake karantawa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East kansa. Manufar Turawa ba ɓoyayya ba ce: suna son rubutun boko ya kafu, mulkinsu kuma ya sami ma'aikata. Amma abin lura shi ne yadda aka bi da wanda gasar ta tono.

Abubakar Imam yana ɗan shekara 22 a lokacin, malami ne a Makarantar Midil ta Katsina. Da East ya ga alƙalaminsa, bai tsaya ga kyauta da tafi ba. Ya nemi a ba da aronsa zuwa Zariya, suka zauna tare watanni suna aiki, daga nan Magana Jari Ce ta fito. Da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, shi aka ɗora a kujerar editan Hausa, ya riƙe ta fiye da shekara goma. Daga baya ya zama ɗaya daga cikin kwamishinonin hukumar ɗaukar ma'aikata ta Jihar Arewa. Mutumin da gasa ta gano ya koma yana zaɓar wa gwamnati ma'aikata.

Matakai uku ne a labarin nan: fili da aka buɗe wa kowa, malami da ya riƙe hannun gwani bayan an tashi, da kujerar aiki da ke jiransa. Da ɗaya ya faɗi, da Imam ya ci kyautarsa ya koma aji, tarihin aikin jarida na Hausa kuma ya ɗauki wata hanya.

Landan, 1942

Shekara tara bayan gasar Zariya, Ingila ta shiga irin wannan bukata, amma a kan batun rai da mutuwa. Ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Jamus suna aika saƙonninsu a rufe da na'urori irin su Enigma. A wani gida da ake kira Bletchley Park, arewa da Landan, an tara masana irin su Alan Turing suna warware waɗannan saƙonni. Aikin ya yi yawa, hannu ya yi kaɗan, kuma ba dama a buga talla a jarida a ce ana neman masu karanta asirin abokan gaba.

A Janairun 1942 jaridar Daily Telegraph ta shirya gasa a ofishinta: wa zai iya cike wasan kalmomin nan mai gidaje, na tsaye da na kwance, cikin ƙasa da minti 12? Mutane suka zo suka gwada, wasu suka yi nasara, kowa ya kama gabansa. Bayan 'yan makonni wasu daga cikinsu suka sami wasiƙar sirri daga hukumar soja ana gayyatarsu ganawa kan wani al'amari mai muhimmanci ga ƙasa. Cikinsu akwai Stanley Sedgewick, magatakarda a wani kamfanin akantoci, wanda ya ƙare yana aiki a Bletchley.

An yi ta ƙawata labarin nan har a fina-finai, don haka yana da kyau a ajiye shi a ma'auninsa. A ganiyar aikin, ma'aikatan Bletchley sun kai kusan dubu tara, wajen kashi uku cikin huɗu mata ne, kuma mafi yawansu ta jami'o'i da rundunonin soja suka shigo. Waɗanda wasan kalmomi ya kawo 'yan ƙalilan ne. Amfanin gasar shi ne ta kai hannu inda hanyoyin da aka saba ba sa kaiwa, ta zaƙulo magatakardan da babu farfesan da ya san sunansa.

Ƙwace tuta

Gasar tsaron intanet irin ta yau ba gwamnati ce ta ƙirƙire ta ba. Masu kutse ne da kansu. A 1993 wani matashi, Jeff Moss, ya fara tara su a Las Vegas ta Amurka a taron da ake kira DEF CON, kuma daga 1996 aka shigo da wasan da ya zama uwar irin waɗannan gasa, wato ƙwace tuta.

Tutar ba ƙyalle ba ce. Jerin haruffa ne da lambobi da aka ɓoye cikin wata na'ura ko manhaja da aka gina da gangan da rauni a jikinta. Wanda ya gano raunin ya shiga ya ɗauko tutar, ya miƙa wa alƙalai, ya sami maki. Wasan iri biyu ne. A na farko ana jera matsaloli daga mai sauƙi zuwa mai tsauri: warware rufaffen saƙo, bin sawun ɓarawo cikin na'urar da aka yi wa kutse, gano kafar da aka bari a shafin intanet, farke manhaja a ga abin da ke cikinta. A na biyu kowace tawaga tana da nata gida da za ta tsare, tana kuma kai hari gidajen sauran, wani lokaci kwana biyu ko uku. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gasar gaba ɗaya horo ce na ganin tsagar kafin ƙadangare ya gan ta.

Da farko jami'an gwamnati a ɓoye suke zuwa taron, har mahalarta suka mai da gano su abin wasa. Amma da hare-hare suka yawaita, sai gwamnatoci suka ari dabarar a fili. A 2009 aka ƙaddamar da US Cyber Challenge a Amurka da burin gano matasa 10,000 masu wannan baiwa. A 2012 shugaban hukumar leƙen asirin sadarwa ta NSA, Janar Keith Alexander, ya ajiye kaki ya hau mumbarin DEF CON da kayan gida yana zawarcin mahalarta. Koriya ta Kudu ta fara shirin Best of the Best a 2012, inda ake tace matasa a haɗa su da ƙwararru na tsawon watanni, kuma a 2015 tawagar Koriya ta lashe gasar DEF CON.

Ingila ta sake ganin irin labarin Sedgewick. A Maris na 2011 wanda ya lashe gasar tsaron intanet ta ƙasa karo na farko, Dan Summers, mai raba wasiƙu ne a garin Wakefield. Hukumar gidan waya da yake wa aiki ta ɗauke shi daga yawon wasiƙu ta mai da shi sashen tsaron bayananta. Gwanin yana cikin gida tun tuni, gasa ce kawai ta nuna shi. Amurka ta fahimci wannan, shi ya sa a 2019 ta kafa gasar Kofin Shugaban Ƙasa, wadda ma'aikatan gwamnatin tarayya da sojoji kaɗai ke shiga, domin a san su wane ne gwanaye cikin waɗanda ake riga ake biya albashi.

Abin da maki ba ya aunawa

Dabarar tana da fuska ta biyu. Gasa tana auna kaifin basira da sauri, amma ba ta da ma'aunin amana, kuma ba ta tambayar abin da za a yi da gwanintar.

A 2013 Edward Snowden, ƙwararre da ke aikin kwangila da NSA, ya kwashi ɗimbin takardun sirri ya miƙa wa 'yan jarida. Wasu suna ganinsa mai tona zalunci, wasu suna ganinsa maci amana. Ko wanne aka ɗauka, lamarin ya nuna cewa wanda aka ba makullin ɗaki saboda ƙwarewarsa shi ya fi kowa ikon kwashe abin da ke ciki. Ya kuma nuna cewa amana tana da kai biyu: a shekarar, bayan an ji irin leƙen asirin da hukumar ke yi wa jama'a, masu shirya DEF CON suka roƙi jami'an gwamnati su dakata da zuwa.

A Sin kuwa lamarin ya ɗauki wani salo. Bayan da hukumomi suka hana ƙwararrun ƙasar zuwa gasannin waje, an fara Kofin Tianfu a birnin Chengdu a 2018. Mujallar MIT Technology Review ta ruwaito a 2021 cewa wata kafa ta shiga wayar iPhone da aka baje a wannan gasa an yi amfani da ita wajen leƙen asirin Musulmin Uyghur. A shekarar kuma Sin ta kafa ƙa'idar da ta wajabta kai rahoton raunin manhaja ga gwamnati cikin awa 48. Filin da aka buɗe domin tsaro yana iya zama maƙerar makami. Duk ƙasar da za ta ari dabarar sai ta fara amsa tambaya ɗaya: wa za a tsare, kuma daga wa?

Najeriya: doka ta riga fili

Najeriya ta fara sanin intanet ta ƙofar zamba. Wasiƙun 419, masu ɗauke da lambar sashen dokar laifuka da ke hukunta damfara, sun tashi daga takarda suka koma shagunan intanet a ƙarshen shekarun 1990. An kafa hukumar EFCC a 2003, kuma yaƙi da 'yan damfarar intanet ya zama babban ɓangaren aikinta. Wannan tarihi ya bar tabo. Har yau matashin da aka ga ya kwana a gaban kwamfuta yana koyon yadda ake shiga na'ura, zargi ne ke fara gaishe shi kafin yabo.

Hukumomi sun zo ɗaya bayan ɗaya. An kafa NITDA a 2001, dokarta ta fito a 2007. An fitar da manufar tsaron intanet ta ƙasa a 2014, aka sabunta ta a 2021. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara biyar, ko tarar da za ta iya kai naira miliyan biyar, ga wanda ya shiga na'urar wani ba izini da mugun nufi. Gyaran da aka yi mata a 2024 ya wajabta kai rahoton kutse cikin awa 72. Cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro ita ce uwar masu kai ɗauki, rundunar sojan ƙasa kuma ta buɗe nata sashe na yaƙin intanet a 2018. Barazanar ma ba ta jira ba. A Oktoban 2020, lokacin zanga-zangar EndSARS, an kai hare-hare kan shafukan hukumomin gwamnati, kuma bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ministan sadarwa na lokacin, Isa Ali Pantami, ya ce an ƙirga yunƙurin kutse kusan miliyan 13 a kwanakin zaɓen.

A irin wannan yanayi gasa tana da wani amfani na daban: ita ce filin da doka ta halatta wa matashi ya gwada hannunsa ba tare da ya taɓa kayan kowa ba. Jami'ar Carnegie Mellon ta buɗe picoCTF a 2013, gasa kyauta ta intanet domin ɗalibai, reshenta na Kigali kuma ya ware wa ɗaliban Afirka nasu rukuni. Ƙungiyar ECOWAS ta fara tata gasa a Kwatano a 2022, ta kai ta Lome a 2023, sannan Abuja a Oktoban 2024 tare da haɗin gwiwar NITDA. A Abuja tawagar Kwaddibuwa ce ta zo ta ɗaya da kyautar dala 10,000, ta Benin ta biyu, ta Najeriya ta uku. Ƙasa mai mutane sama da miliyan 200 ta zo bayan maƙwabciyarta da ba ta kai yawan jama'ar Legas ba. Wannan ba hukunci ba ne kan basira. Alama ce ta yadda kowace ƙasa ke tace gwanayenta tun daga tushe.

Abin da Jigawa ta riga ta shuka

Jigawa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya yi mulki daga 1999 zuwa 2007, ya rungumi fasahar sadarwa tun wayar salula ba ta gama isa ƙauyuka ba. A zamaninsa aka kafa kamfanin Galaxy na jiha domin samar da intanet, aka kuma buɗe cibiyar Informatics a Kazaure da haɗin gwiwar wani kamfanin Singafo. Mutane da dama sun yi ta tambaya ko jihar da ke fama da ƙarancin ruwan sha da ajujuwa ta dace da wannan buri. Muhawarar tana da hujja ta kowane ɓangare, amma cibiyar ta yaye ɗalibai masu yawa da suka bazu a bankuna da hukumomi.

Tace masu hazaƙa ta hanyar jarrabawa ma tsohuwar al'ada ce a yankin. Tun 1977 tsohuwar Jihar Kano ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, inda sai wanda ya ci jarrabawar zaɓe ke shiga, kuma Jigawa ta gaji wannan tsari a makarantu irin na Kafin Hausa da Jahun. Gwamna Sule Lamido ya ƙara da makarantar masu baiwa a Bamaina ta ƙaramar hukumar Birnin Kudu. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse, wadda a yau take da tsangayar nazarin kwamfuta da ke koyar da tsaron intanet a matsayin fanni mai zaman kansa. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Dutse, ga Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa. Shugaban NITDA tun Agustan 2019, Kashifu Inuwa Abdullahi, ɗan Haɗeja ne, wanda ya bi ta kamfanin Galaxy Backbone na tarayya da Babban Bankin Najeriya kafin ya hau kujerar.

Tsakanin harabar jami'ar da sakatariyar jiha tafiyar 'yan mintuna ce a babur. A gefe ɗaya akwai matasan da ke koyon gano tsagar bango, a ɗaya gefen akwai bangon da ke bukatar a duba shi. Tambayar da ke gaban Dutse ita ce yadda za a gina gadar da ta haɗa su.

Darasin musabaƙa

Samfurin gadar yana nan a gida. Tun 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato take shirya musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa. Ƙarfinta yana cikin tsaninta. Ana farawa daga ƙaramar hukuma, a hau jiha, a hau ƙasa, zakaru kuma su wakilci Najeriya a ƙasashen waje har Makka. Akwai rukunai daga izu biyu zuwa izu sittin, don haka ƙaramin yaro yana da matakin da zai taka. Akwai ɓangaren mata cikakke. Alƙalai sanannu ne, ƙa'idojin maki a bayyane suke, kuma ana yi duk shekara, har malamin da ke ƙauyen Miga ko Buji ya san abin da zai shirya ɗalibinsa a kai. Iyaye suna alfahari da ita, sarakuna suna halarta.

Gasar tsaron intanet mai irin wannan tsani ba ta fi ƙarfin ƙananan hukumomi bakwai na masarautar Dutse ba: Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga. Zagayen farko ba ya bukatar fiye da ɗakin kwamfuta irin na cibiyoyin jarrabawar JAMB, da wuta mai tsayawa, da intanet. Nan ne ma adalcin gasar ke fara fuskantar gwaji, domin ɗalibin da ke da kwamfutar kansa a Dutse ya riga ɗan Gwaram da bai taɓa riƙe ta ba tun kafin a busa usur. Gasar da ba ta zo da horo kafin ranar fafatawa ba, gata za ta auna.

Sauran ƙalubalen suna bayan an raba kyaututtuka. Na farko shi ne takarda. Tsarin aikin gwamnati yana ɗaukar mai digiri a mataki na 08, bayan ya nuna shaidar yi wa ƙasa hidima. Zakaran da ke riƙe da difloma, ko wanda ya koyi sana'ar a shagon gyaran waya, tsarin bai tanadar masa kujerar da ta dace da shi ba. Na biyu shi ne rabo. Kundin tsarin mulki na 1999 ya wajabta daidaito wajen raba muƙamai, Hukumar Raba Daidai tana sa ido a tarayya, jihohi kuma suna kula da kason ƙananan hukumomi. Gasa mai tsani daga tushe tana iya sulhunta wannan da cancanta, tunda kowane yanki ya fitar da gwaninsa a bainar jama'a. Na uku shi ne kuɗi. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, ƙwararre a wannan fanni yana iya zama a ɗakinsa a Dutse yana yi wa kamfanin waje aiki ana biyansa da dala. Gwamnatin da ta shirya gasa ba ta tanadi abin riƙe zakaru ba, ta yi wa bankuna da kamfanonin ƙetare tankaɗe da rairaya ne kyauta.

Na huɗu, wanda ya fi nauyi, shi ne amana. Ba a miƙa wa mutum makullin rumbun albashin ma'aikata domin ya ci gasar kwana biyu. Koriya ta sa watanni na horo a ƙarƙashin ƙwararru, East ya zaunar da Imam a gefensa kafin a ba shi jarida. Ana sanin hali ne ta zama tare, da ƙaramin aiki kafin babba, da tsarin da ba ya barin mutum ɗaya, komai gwanintarsa, ya riƙe dukkan makullai. Gwamnati ma tana da nata alkawari da za ta cika: matashin da ya gano kafa a shafin wata ma'aikata ya kawo rahoto da kyakkyawar niyya ya tabbata godiya zai samu, ba sammaci ba, kuma gwanintarsa za ta tafi wajen kare bayanan talakawa, ba bibiyar masu sukar shugabanni ba.

Akwai kuma darasin Wakefield, wanda shi ya fi arha. Kafin a leƙa waje, ana iya fara gasar a cikin sakatariya, tsakanin masu shigar da bayanai da masu kula da na'urori da ke ma'aikatu da asibitoci da sakatariyoyin ƙananan hukumomi 27. Ba mamaki wanda ake nema yana can a mataki na 07, ana aikensa gyaran firinta.

Gasar 1933 ta ɗauki 'yan watanni, amma amfaninta ya kai shekaru, saboda an sami wanda ya karanta rubutun wani malamin Midil ya ce a kawo shi Zariya, aka kuma sami kujerar da za a zaunar da shi. Kabad ɗin ƙarfen da aka kawo Dutse a 1991 ya koma na'ura, kwaɗon ya koma kalmar sirri. Maigadin kuwa har yanzu mutum ne, kuma sai an neme shi, an gwada shi, an rene shi, sannan a ba shi dalilin zama.